Tsofaffin sandunan dogarawa: itace ake saya ko labari?

A 2021 wani gidan gwanjo a Belfast ya sayar da wata sanda a kan fam 52,000. Sanda fa, irin wadda dattijo ke dogarawa, ba ta zinare ba ce, ba a kuma jera mata lu'ulu'u ba. Abin da ya kai ta wannan kuɗi shi ne ta Michael Collins ce, jagoran gwagwarmayar 'yancin Ailan da aka kashe a 1922, kuma ta zo da takardar da ke bayanin yadda ta bar hannunsa. A kasuwar kayan da ta Ingila kuwa za ka tarar da sanduna sa'anninta, wasu ma sun girme ta, wasu sun fi ta kyau nesa ba kusa ba, an cusa su cikin bokiti a bakin ƙofar shago ana neman mai ɗauka da 'yan fam kaɗan. To me ya raba su? Abin da nake so mu warware kenan, don harkar tana da ƙa'idojinta, kuma wanda bai san su ba shi ake yi wa sakiyar da ba ruwa.

Farko dai a cire tunanin cewa sandunan nan na marasa lafiya ne ko tsofaffi. A Turai daga wajen ƙarni na 17 har zuwa farkon na 20 sanda sutura ce, cikon kwalliya, matashi ɗan shekara ashirin da lafiyarsa garau ba zai fita titi hannu na dukan cinya ba. Da can takobi ne mai hali ke ratayawa, da aka fara daina yawo da takobi a cikin gari a ƙarni na 18 sai sanda ta gaje wurin, kuma mai kuɗi ba guda ɗaya yake da ita ba, akwai ta yawon rana, akwai baƙa siririya ta fita da dare, akwai mai kauri ta ƙauye. A ƙarni na 19 abin ya zama masana'anta sosai, kamfani irin Henry Howell a Landan yana fitar da su jibgi-jibgi ana kaiwa ƙasashe, shagon James Smith and Sons da aka kafa a 1830 ma har yau yana nan a titin New Oxford yana sayar da sanda da lema. Bayan yaƙin duniya na ɗaya ne kasuwar ta faɗi, mota ta zo, sutura ta sauya, mutum yana riƙe da jakar ofis ina zai sa sanda, a hankali ta koma kayan asibiti. Ka ga kenan an yi su da yawan gaske kuma da yawa sun tsira. Shi ya sa tsufa kawai ba ya sa sanda tsada, shekara 120 ba komai ba ce a wannan harka.

Af, akwai wani labari da masu sayar da sanda ke son maimaitawa, wai a Landan a 1702 sai ka yanki lasisi kafin ka riƙe sanda, kuma za a ƙwace in ka riƙa kaɗa ta a iska ko ka saƙale ta a maɓallin riga. Wannan zance na lasisi raha ce da ta fito a mujallar Tatler a 1709, marubutan suna yi wa 'yan gayun zamanin shaguɓe ne, sai na baya suka ɗauka doka ce ta gaske. Na kawo shi ne don a ga irin yadda labari ke manne wa sanda ya ƙi fita, za mu dawo kan wannan.

Ita kanta tambayar ko sanda alamar girma ce ko ta rashin lafiya tsohuwa ce. Lokacin da Howard Carter ya buɗe kabarin Fir'auna Tutankhamun a 1922 an samu sanduna kusan 130 a ciki, wasu an sassaƙa siffar fursunonin yaƙi a ɗaure a lanƙwasarsu. Binciken gawarsa da aka fitar a 2010 ya ce yana da matsala a ƙafar hagu, sai wasu suka ce to ai shi ya sa sandunan, wasu masanan suka ce a'a, manyan Masar dama da sanda ake zana su ko lafiyarsu ƙalau. Har yanzu ana wannan muhawara.

Yanzu yadda ake karanta sanda. Dila na gaske in ka miƙa masa ba mariƙin yake fara yabawa ba, juya ta yake ya dubi gindi. Sanda gaɓa huɗu ce: kai wato mariƙi, zoben wuya da ke rufe mahaɗa, gangar jiki, sai ƙarfen gindi da ke taɓa ƙasa. Na ƙarni na 17 da na 18 ƙarfen gindinsu dogo ne sosai, wani ya kusa tsawon tafin hannu har da yatsu, saboda titunan lokacin taɓo ne da kashin dawaki, ana so a kare itacen. Da aka fara shimfiɗa tituna sai ƙarfen ya riƙa gajarta. Haka kuma tsofaffin sosai suna da 'yar huda a ƙasa da mariƙi inda ake zura igiya a saƙala a hannu. To in ka ga sandar da aka ce ta 1700 ce amma gindinta ɗan guntun ƙarfe ne mai sheƙi, ko dai an sauya shi ko an yanke sandar ko kuma ƙarya ake maka gaba ɗaya. Yankewar ma matsala ce babba, don sanda gwargwadon tsayin mai ita ake yanka ta, ɗa ya gaji ta uba shi kuma gajere ne sai ya kai a datse, daraja ta ragu kenan har abada.

Zoben wuya shi ne inda Ingilishi suka sauƙaƙa wa kowa aiki, saboda azurfarsu ba a sayar da ita sai ofishin gwaji ya buga mata hatimi. Da gilashin ƙara girma za ka ga ɗan zaki yana tafiya, ma'ana azurfa ce mai kashi 925 cikin 1000, sai alamar gari, kan damisa na Landan ne, ƙugiyar jirgin ruwa ta Birmingham ce, sai harafi guda da ke nuna shekarar, sai haruffan sunan maƙeri. Faransa kuma tun 1838 kan wata mace mai hular yaƙi suke bugawa a azurfa, kan gaggafa a zinare. Da ɗan littafin hatimai a aljihu sai ka faɗi shekarar zoben ba kuskure. Amma fa zoben kaɗai ka faɗa. A nan ne mutane ke faɗawa rami, don babu abin da ya fi sauƙi irin a ciro zobe na 1890 daga karyayyar sanda, a samo mariƙin tsohuwar lemar mata, a samo wani jikin daban, a haɗa da gam a goge, ga sanda ta fito kowane ɓangare nata tsoho ne amma ita kanta bara aka haife ta. Irin wannan haɗin ya cika kasuwa. Abin da ake dubawa shi ne ko kaurin mariƙi ya zauna daidai da na jiki, ko tsufan ya tafi bai ɗaya daga sama har ƙasa, ko akwai sabon gam a mahaɗa, ko cin da ƙasa ta yi wa gindi ya dace da laushin da hannu ya yi wa kai. Hannun da ya yi shekara talatin yana riƙe sanda yana barin wani santsi a wurin da babban yatsa ke zama, sanfefa ba ta iya kwaikwayonsa.

Wajen kayan da ake yin jiki da su, sarkinsu shi ne malaka, wani nau'in kwagiri ne mai rarrafe daga dazukan Sumatra da yankin Malesiya, sunan tashar jirgin ruwan da ake lodinsa ya ɗauka. Wanda aka fi nema shi ne wanda gaɓa ɗaya tak ta isa tsawon sanda ba tare da ƙulli ba, samunsa da wuya, don haka tun a wancan zamani ake goge ƙullin na arha a shafa fenti a sayar a matsayin mai gaɓa ɗaya, ka ga algus ba yau aka fara ba. Daga cikin tsofaffin da masu tarawa ke rububi akwai na Ingila na ƙarshen shekarun 1600 zuwa farkon 1700, jikin malaka, kan hauren giwa da aka yi wa zane da ƙananan ƙusoshin azurfa, wasu har da sunan mai ita da shekara a zobe. Akwai masu kan tangaran na masana'antar Meissen ta Jamus, akwai kawunan da gidan Fabergé, shahararrun maƙeran kayan ado, ya yi wa manyan Rasha. Ni dai waɗanda suka fi burge ni ba na masu kuɗi ba ne, na matuƙan jiragen farautar manyan kifayen nan na teku da Turawa ke kira whale ne a ƙarni na 19, mutanen New Bedford da Nantucket a Amurka, tafiya ɗaya sai ta ci shekara uku ko huɗu, zaman banza ya ishe su sai su ɗauki ƙashin muƙamuƙin kifin su fere shi ya zama jikin sanda, su murɗa shi kamar igiya, haƙorin kuma su sassaƙa dunƙulallen hannu a kai. Ba makaranta ba injin, wuƙa ce kawai da haƙuri.

Sai rukunin da ya fi jan 'yan kallo, sanduna masu ɓoye wani abu a ciki. Kowa ya san mai takobi. Amma abin ya wuce nan, kamfanin Remington ya yi sanda mai bindiga bisa wata ƙira da aka yi wa rajista a 1858, akwai mai goge a ciki da za ka zare ka kaɗa, akwai mai sarewa, akwai mai madubin hangen nesa, akwai ta dilolin dawaki da ake zaro ma'auni daga ciki a auna tsayin doki a kasuwa, akwai ta likita mai 'yan kwalaben magani, akwai wadda ke buɗewa ta zama kujera. A Jamus a 1903 an fito da wata mai suna Ben Akiba da kyamara a cikin mariƙinta, ta asalin tana da wuyar samu shi ya sa aka yi ta buga kwafinta daga baya. Mai zanen nan na Faransa Toulouse-Lautrec, wanda giya ta ci ƙarfinsa har ya mutu yana da shekara 36 a 1901, sandarsa tana da doguwar kwalba a ciki da ɗan kofi, tana nan a gidan tarihinsa a garin Albi. A wannan rukuni ƙa'idar ita ce komai ya cika kuma ya yi aiki, in kwalba ɗaya ta ɓata ko an sauya ta da ta zamani farashi ya zube. Kuma nan ne jabu ya fi yawa, galibin masu kan tagulla da kamfas ko madubin hange da ake tallatawa a intanet da sunan kayan da sababbi ne fil, an jiƙa su a sinadari ne su yi duhu.

Duk wannan da na lissafa, kaya da aiki da dabara, suna da iyakar inda suke kai farashi. Abin da ke fasa rufin shi ne hannun da ya riƙe ta, kuma shi ne ba a gani a jikin sanda. Nan harkar ta koma kamar isnadi, wane ya karɓa daga wane, shi kuma daga wane, har a kai ga mai ita, in mutum ɗaya ya faɗi a tsakiya ko aka samu wanda ba a san shi ba to riwayar ta yi rauni ko da matanin ya yi daɗi.

Dubi masu isnadi mai ƙarfi. Benjamin Franklin, ɗaya daga waɗanda suka kafa ƙasar Amurka, ya rubuta a wasiyyarsa a 1789 cewa sandarsa mai kan zinare a ba George Washington, shugaban Amurka na farko, har ya ƙara da cewa ko da sandar sarauta ce ya cancance ta, yanzu tana gidan tarihin Smithsonian a Washington, ga wasiyya ga sanda, ba gardama. A Landan akwai wata mai kan zinare da manyan likitoci biyar suka riƙe ɗaya bayan ɗaya, daga John Radcliffe har zuwa Matthew Baillie, kowanne an zana tambarin gidansu a kai, matar na ƙarshen ta miƙa ta ga ƙungiyar likitocin Ingila a 1825. Matar shugaban Amurka Abraham Lincoln bayan an kashe mijinta a 1865 ta aika wa Frederick Douglass, wanda aka haifa bawa ya zama babban mai yaƙi da bauta, ɗaya daga sandunan mijin, wasiƙar godiyar da ya rubuta mata tana nan, sandar ma tana cikin kayan gidansa da aka mai da wurin tarihi.

Wadda ta fi ba ni mamaki ita ce ta Preston Brooks. Ranar 22 ga Mayu 1856 wannan ɗan majalisar wakilai daga Carolina ta Kudu ya shiga zauren majalisar dattawan Amurka ya tarar da Sanata Charles Sumner a zaune yana rubutu, ya rufe shi da duka a ka da sanda mai kan zinare har sandar ta kakkarye, saboda jawabin da Sumner ya yi kwana biyu kafin nan yana caccakar masu bayi, ciki har da wani ɗan uwan Brooks ɗin. Sumner ya yi shekara uku bai koma aiki sosai ba. Brooks kuwa tarar dala 300 aka ci shi, ya yi murabus mazaɓarsa ta sake zaɓensa, mutanen Kudu suka yi ta aiko masa da sababbin sanduna kyauta, wata an rubuta mata a sake dukansa, abokansa a majalisa kuma suka tsince gutsattsarin suka yi zobba da su. Babban guntun yana Boston a gidan tarihi. Sandar kanta ba wata mai tsada ba ce, da ƙaron wata bishiya ta yankin Malesiya aka yi ta, kuma a karye take, da a ce ba ta da wannan labari ko kyauta ba mai ɗauka.

To tunda labari ne kuɗin, dole a samu masu ƙera labari. Akwai sandunan da ake cewa daga katakon wani sanannen abu aka yi su, kuma da yawa gaskiya ne, jirgin yaƙin Royal George da ya nutse kusa da Portsmouth a 1782 an fasa ragowarsa wajen 1840 an yi ta yin kayan tsaraba da katakon, haka Foudroyant, tsohon jirgin Nelson, shahararren kwamandan sojan ruwan Ingila, da guguwa ta jefa gaɓar Blackpool a 1897. Amma ɗan allon azurfa da aka rubuta wa "daga katakon jirgi kaza" kowane maƙeri zai iya rubuta shi ranar Talata da rana. Rubutun suna a zobe ba hujja ba ne, sau da yawa ma shi ne abin zargi, sai an duba ko salon haruffan na zamanin ne, ko gefen rubutun ya lallashe tare da sauran zoben ko kuwa yana da kaifi kamar jiya aka yi. Hoton mutumin riƙe da ita, wasiƙa, wasiyya, tsohon rasit, kundin wani gwanjo na da, su ne ake nema. "Kakana ya ce" ba ta wuce ƙofar gidan gwanjo.

Kuma ko isnadin ya inganta kasuwa tana da nata ra'ayin. Ella White, wata attajira da ta tsira daga Titanic a 1912, tana da sanda mai fitilar batir a kai, ta yi ta kaɗa ta cikin duhu a kwalekwalen ceto mai lamba 8. Da aka kawo ta gwanjo a 2019 an yi hasashen za ta iya kai dala 500,000, sai rigima ta tashi tsakanin dangi kan wa ke da ita, ƙarshe dala 62,500 aka saya. Kuɗi ne mai yawa, amma dubi tazarar. Mai saye ba ya son kayan da gobe lauya zai aiko masa da takarda a kai.

Abin da ya hargitsa lissafin gaba ɗaya a 'yan shekarun nan kuwa doka ce. Da can kan hauren giwa shi ne alamar sanda ta manya. An hana cinikin haure tsakanin ƙasashe tun 1989 amma an bar ƙofa ga kayan da, sai masu fasa-ƙwauri suka riƙa shafa wa sabon haure shayi ya yi ja su ce na kaka ne. Birtaniya ta gaji ta yi dokar 2018 da ta fara aiki a Yunin 2022: ba saye ba sayarwa, sai 'yan abubuwa kaɗan, kamar abin da aka yi kafin 1947 kuma hauren bai kai kashi 10 cikin 100 na girmansa ba, shi ma sai an yi masa rajista, ko kuma abin da aka yi kafin 1918 da masana suka tabbatar ba kamarsa aka ba shi satifiket na musamman. Wanda ya karya, tara har fam 250,000 ko ɗaurin shekara 5. A farkon 2025 aka faɗaɗa ta ta haɗa da haƙorin dorina da na wasu manyan kifayen teku, ka ga sandunan matuƙan nan da na yaba su ma sun shiga ciki. Amurka ma ta tsaurara tata a 2016. Sakamakon shi ne mutum na iya gadon sanda ta shekara 300, halal ne ya ajiye ta a gida ko ya bar wa 'ya'yansa, amma ba ya iya sayarwa, yayin da ta ƙaho ko ta katako zalla da a da ake rainawa ita ce yanzu ke wucewa kwastam ba tambaya. Ni ina ganin dokar ta yi daidai ko da ta cuci wasu masu gaskiya, giwa ba ta da lauya. Shi ya sa kuma sanin bambanci ya zama dole: hauren giwa in ka dubi inda aka yanka shi za ka ga layuka suna gicciye juna kamar saƙa, ƙashi yana da ƙananan ɗigo-ɗigo baƙaƙe, roba ta da kuma layukanta a miƙe suke daidai wa daida fiye da kima. Mai takobi ma tana da tata dokar, Birtaniya ta hana sayar da ita tun 1988 in ba ta haura shekara 100 ba, kuma ko tsohuwar ce ba a yarda ka yi yawo da ita a titi ba.

Akwai kuma waɗanda kuɗi ba ya sayensu don ba na mutum ɗaya ba ne. A jihar New Mexico ta Amurka al'ummomin Pueblo 19 na 'yan asalin ƙasar kowacce tana da baƙar sanda mai kan azurfa da aka zana wa sunan Lincoln da shekarar 1863, kafin ita akwai wadda Sifaniyawa suka ba su tun 1620, kuma har yau duk sabon shugaban da aka naɗa sai an miƙa masa su, a wurinsu shaida ce cewa gwamnati ta amince da ikonsu a kan ƙasarsu. Mu wannan ba baƙon abu ba ne, tun zamanin Turawa sarki a ƙasar Hausa sai an miƙa masa sandar girma a bainar jama'a, mai daraja ta ɗaya ko ta biyu ko ta uku, kuma kowa ya san ta kujera ce ba ta aljihunsa ba.

Sandunan jaridar Boston Post ta Amurka labarinsu ya fi ban dariya. A 1909 mai jaridar, Edwin Grozier, don talla kawai, ya sa aka yi sanduna na baƙin katakon Afirka dangin kanya da kan zinare aka rarraba wa garuruwa 700, a ba namijin da ya fi kowa tsufa a garin, in ya rasu a karɓo a ba na gaba, sai a 1930 aka sa mata a ciki. Jaridar ta mutu a shekarun 1950 amma al'adar ba ta mutu ba. Matsalar ita ce wasu tsofaffin ƙin karɓa suke, wai duk wanda aka ba ya kusa tafiya, wasu kuma in sun rasu iyalai su ƙi mayarwa ko a kwashe ta cikin kayan gado a kai wani gari, wasu sun ƙone, wasu sun ɓullo a shagunan kayan da sai da garin ya bi sawu ya karɓo abinsa. Yanzu garuruwa da dama sun kulle ta asalin a akwatin gilashi a ofishin hukumar gari, tsohon kuma a ba shi kwafi da satifiket ya tafi da su gida.